Wace ce, kuma yaushe ce kwasarta?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan Kano. A gindin Dala aka haife ni, aure ya kai ni Kurna, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu biyar. Ban da koyarwa, akwai wani aiki da na gada daga Ummanmu, Allah ya jiƙanta, wato riƙon adashi. Ita ta riƙe na matan layinmu tun ina 'yar ƙarama, lissafi duk a ka, kuɗi a cikin kwalla ƙarƙashin gado, kuma har ta koma ga Allah ba a taɓa cewa sisin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Ni da na karɓa sai na mayar da lissafin cikin littafi. Ta wannan hanyar abin da zan ba ku labari ya same ni, kuma ina ba da shi ne saboda wata baiwar Allah da ta yi mini abin da ba ni da bakin gode mata.

Mu goma sha biyu ne, zubin wata-wata. Farkon shekara ake ƙuri'a: a rubuta watanni a 'yan takardu, a nannaɗe, a zuba a faifai, a kira yaro ya ɗebo wa kowacce tata. Doka ɗaya Umma ta bar mana, ba a musayar kwasa a bayan idon uwar adashi. Wadda buƙata ta taso wa kafin watanta za ta zo ta faɗa mini, ni kuma in ɗauki ƙafa in je wa mai kwasar wannan watan da maganar. In ta amince, ta ba da tata ta koma gurbin waccan. In ta ƙi, maganar ta mutu a tsakaninmu, ba mai ji. Don haka duk musayar da aka yi ko aka ƙi yi a shekarun nan, ta bakina ta bi.

Kusan duk wadda na je wa, tambaya biyu take yi mini. Ta farko: “Wace ce?” Ta biyu: “Ita yaushe ce kwasarta?” Abin da ya same ta kuwa sai daga baya, in ma an tambaya.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu a cikinmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar da ƙanwar za ta aurar da 'yarta, yayar ce ke da wata na biyu, ƙanwar na da na ƙarshe. Ban rufe baki ba yayar ta ce, “Haba Malama, har sai an aiko ki? Ki ba ta mana.” Ko tambaya ta biyu ba ta kai ba. Wata goma ta jira, ban ji ta ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Maƙwabta masu aron turmi da ɗiban garwashi a gidan juna kan yarda in jiran wata ɗaya ne ko biyu. In ya kai huɗu sai ki ga fuska ta canja, an shiga lissafin kuɗin makarantar yara. Na ga kishiyoyi, tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya ta ƙi sauya wa 'yar'uwarta da tazarar wata guda tak. Na kuma ga ƙawaye tun na Islamiyya, ɗaya a Hotoro ɗaya a Kurna, sun gama musaya ta waya kafin shayina ya huce. In kuwa sabuwar shiga ce, wadda wata ta kawo ta tsaya mata, amsar da na saba ji ita ce, “Bari in yi shawara da maigida.” Shawarar nan ba kasafai take dawowa da e ba.

Ban taɓa ganin laifin kowa a wannan ba, har gobe ma. Addini da kansa ya fara da na kusa. Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa tana da maƙwabta biyu, wanne za ta yi wa kyauta, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da ita. Ya kuma ce sadaka ga ɗan'uwa tana da lada biyu, na sadaka da na zumunci. Wanda zai bar ƙanwarsa da yunwa ya je yana rabo a titi, ba ma kiransa mai kyauta. Sai dai aya ta 36 a Suratun Nisa'i ba ta tsaya a kan iyaye da dangi ba, ta zarce har kan maƙwabci na nesa da matafiyi. Wannan ƙarshen jerin shi ne ke ba mu wahala, mu duka.

Lokacin da na koma Jami'ar Bayero ƙaro karatu, a darasin sanin halayyar ɗan'adam na tarar ashe an zauna an auna abin da nake gani a littafina. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Bryan Jones da Howard Rachlin, suka ce wa ɗalibai kowa ya ƙaddara ya jera mutum 100 a ransa: na 1 shi ne wanda ya fi kusa da zuciyarsa, na 100 wanda ya yi wa sanin shanu. Sai a tambaye shi nawa zai haƙura da shi daga rabonsa domin na lamba kaza ya sami dala 75. A kan na farko-farko, mutane sun yarda su bar kwatankwacin kuɗin gaba ɗaya. Daga nan abin ya gangaro da sauri, wajen na 20 ya ragu da kusan rabi, sannan ya ci gaba da raguwa a hankali har na 100. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yanayin gangarowar iri ɗaya ne da wanda aka daɗe da sani game da jira: dubu goma ta yau ta fi dubu goma ta watan gobe nauyi a zuciya, kuma a farkon jiran ne yawancin nauyin ke zubewa. Wato ragin da zuciya ke yi wa kuɗin da sai an jira, irinsa take yi wa mutumin nesa. Mai ba da kwasarta kuwa, duka biyun ne ke hawa kanta lokaci guda, ga wadda za ta ci moriya, ga watannin da za ta ƙirga.

Da can jiran ba shi da tsada. Wasu ma kwasar ƙarshe suke roƙo, ta zama musu ajiya, ta zo daidai da biki ko kayan sallah. Abin ya juya ne daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin adaidaita ya ninka, kayan masarufi suka bi sahu. Cikin watannin farko na 2024 dala ta haura naira 1,500, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Mu ba sai an karanta mana ba, kwanon shinkafa da na masara suna gaya mana kullum. Musaya ta ɗauke ɗif, har tsakanin waɗanda da ba sa ƙi. Zubinmu naira 20,000 ne, kwasa 240,000, kuma kowacce ta gane cewa ta Janairu da ta Disamba a suna kawai suka zama ɗaya. Da aka zo ƙuri'ar shekarar, wadda ta ɗebo watan ƙarshe sai da ta share ƙwalla da gefen mayafi. Ni Nuwamba ta faɗo mini.

Tsakiyar Fabrairu, babban ɗana yana dawowa daga wajen koyon ɗinki a Fagge, mota ta bugi adaidaitar da yake ciki. Ƙashin cinyarsa ya karye. Da aka yi hoto likita ya ɗaga mana shi a jikin fitila, ya ce sai an yi aiki an saka ƙarfe, kuma gwargwadon jinkiri gwargwadon wahalar gyara, don ƙashin zai fara haɗewa a karkace. Kuɗin da aka lissafa mana, da na ƙarfe da jini da magani, sun haura naira 500,000. Albashina da abin da Abbansu ke samu a tireda ba su kai ko kusa ba. Wasu suka ce a kai shi wajen mai ɗori. Na san masu ɗorin da Allah ya ba sa'a, amma na ga hoton da idona, na ga yadda bakin ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, raina bai kwanta ba.

Yayana, wanda nake bi, a daren ya zo asibiti. Bai ce uffan ba, ya ciro waya ya juye mini duk abin da ke asusunsa. Na ce, “Yaya, ka bar na cefane mana.” Ya ce, “Allah zai kawo na cefane.” Ƙanwar maigidana ta cire 'yan kunnenta na zinare ta miƙa masa ya kai kasuwa. Babu wanda ya tambayi ranar biya a cikinsu. Malaman makarantarmu suka sa sanarwa a zaurenmu na WhatsApp, kuma kusan duk abin da ya shigo, a yini na farko da na biyu ya shigo, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, har daga mutanen da ban san fuskarsu ba. Daga nan waya ta yi tsit.

Sai masu alƙawari, su ne ma suka fi yawa. Wata aminiyata ta rungume ni a barandar asibiti muna kuka tare, ta ce in albashi ya shigo za ta ba ni rabi. Wani ɗan'uwan maigida mai hali ya ce a ba shi mako biyu, kayansa na hanya. Wallahi ba ƙarya suka yi ba a lokacin da suke faɗa, na ga idanunsu. Amma ƙarshen wata ya zo da nasa kayan: ga haya, ga kuɗin makaranta, ga azumi a bakin ƙofa. Nishin yarona ya yi nisa da kunnuwansu, buƙatun gidajensu kuwa suna tsaye a kansu. Aminiyar ta aiko da kaɗan daga abin da ta ambata, da ban haƙuri mai yawa. Na karɓa na gode, kuma har yau aminiyata ce. Na mako biyun, da aka koma sai aka ce ya yi tafiya.

Alƙawari kaya ne, kowa ya sani, sai dai ranar ɗaukarsa ba a jin nauyin. Abin da za a bayar “bayan sallah” ko “in an yi albashi” ba ya ciwo yau, shi ya sa baki ke sakinsa da sauƙi. A ƙasar Suwidin wata masaniyar tattalin arziki, Anna Breman, ta gwada wannan a kan masu ba wata ƙungiyar agaji gudummawa duk wata, binciken ya fito a 2011. Waɗanda aka roƙa su ƙara amma ƙarin sai bayan wata biyu zai fara, sun amince da abin da ya ɗara na waɗanda aka ce su fara yanzu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma su can, da mutum ya ce e, banki ne ke cirewa da kansa duk wata, zuciya ba ta samun damar sake zama a kan maganar. Mu a nan alƙawarin a fatar baki yake, babu abin da ya ɗaure shi.

Ƙarshen watan ya same mu da giɓin kusan 200,000, yaro na kwance an rataya wa ƙafarsa nauyi. Daidai lokacin zubin Fabrairu ya cika a hannuna. Mai kwasar watan kuwa wata mai gurasa ce da ta shigo mana a wannan zagayen, wata ce ta kawo ta ta tsaya mata. Mijinta ya rasu, tana riƙe da marayu huɗu a ɗaki ɗaya na haya. Ta yi shekaru tana yi wa wasu aikin gurasa a Jakara kafin ta gina nata tanderun. Da za a ce in jera mutum ɗari ɗin nan, ban jin za ta shiga. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma sai ranar zubi. Na dai san abin da take jira da kuɗin: ta je Singa ta saro fulawa kafin azumi, lokacin da gurasa ta fi tafiya saboda buɗa-baki. A farkon watan nan ne ma mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a cikin gari saboda tsadar fulawa.

Ban je mata da roƙo ba. Uwar adashi ba ta roƙa wa kanta, don wadda aka je wa ba za ta iya ce wa mai riƙe da littafi a'a ba. Na ƙirga kuɗin, na ɗaure da roba, na sa a jaka. Na biya asibiti na duba yaro da jakar a kafaɗata, sannan na wuce gidanta. Na same ta tana kwaɓin fulawar gobe. Ta wanke hannu ta karɓa, ta dangwala yatsa a littafi, muka yi sallama.

Bayan isha'i aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Ita ce, da ƙaramin ɗanta riƙe da tocila. Ashe wadda ta kawo ta adashin ta biya ta wajenta da magariba, cikin hira ta ba ta labari. Ko zama ba ta yi ba. Ta zaro kuɗin daga cikin hijabi, robata na jiki ba ta ko kwance ba, ta kamo hannuna ta danƙa mini. A hasken tocilar na ga hannunta sosai: daga wuyan hannu har gwiwa babu gashi ko ɗaya, sai tabon wuta, sabo a kan tsoho, na manna gurasa a cikin tanderu.

Na ce, “Baiwar Allah, kin san watana kuwa? Nuwamba ce fa. Wata tara.”

Ta ce, “An gaya mini.”

Na ce, “To ki je ki kwana da maganar, ki duba marayunki. In gari ya waye kina nan a kan bakanki, zan karɓa.”

Ta girgiza kai. “Malama, don girman Allah kada ki bar ni in kwana da su. In na kwana, zuciya za ta tashe ni da lissafin fulawa, kuma lissafinta gaskiya ne, ba zan iya musa mata ba. Karɓi yanzu.”

Na karɓa. Washegari muka biya, cikin makon aka shiga da shi tiyata.

Sai bayan an sallame mu, na je mata godiya, ta ba ni labarin rasuwar mijinta. Ciwon ciki ne ya kama shi, aka ce sai an yi aiki. Dangi suka yi alƙawari, kowa da ranar da ya sa, kuma babu wanda ya ce ba zai bayar ba. Kuɗin sun cika, in ji ta, amma a zaman makoki suka cika, da su aka sayi shinkafar sadakar uku. Ta ce tun daga ranar, in ta ji an ce wani na kwance ana jiran kuɗi, bakinta ba ya iya tambayar ɗan wane ne. Tana magana na tuna hadisin nan na ranar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sallame la'asar ya miƙe da sauri yana tsallake sahu ya shiga gida, har sahabbai suka tsorata. Da ya fito ya ce wani ɗan zinare ya tuna a gidan, bai so ya kwana a wurinsa ba, sai ya sa aka raba. Na sha karanta wa yara hadisin nan. Ita ban san ko ta taɓa jinsa ba.

Ba zan ce muku an mayar mata ninki a wannan azumin ba, don ba haka muka gani ba. Ladanta na wurin Mai shi. Abin da na gani shi ne ta yi azumin tana karɓar fulawa bashi, buhu ɗai-ɗai, a farashin mai ba da bashi, ribar da ya kamata ta shiga hannunta tana tafiya can. Kayan sallar 'ya'yanta na gwanjo ta saya. Da Nuwamba ta zo, litar fetur ta haura naira 1,000. Kuɗin da na kai mata adadinsu ɗaya da waɗanda ta ba ni, amma abin da za su saya ya ragu ƙwarai. Na haɗa mata da buhun fulawa daga albashina, ta ƙi karɓa, tana tsoron kada ya zama bashin da ya jawo riba. Sai da muka je wajen malamin Islamiyyarmu ya warware mana: abin da aka hana shi ne ƙarin da aka sharɗanta tun farko, amma wanda mai biya ya ƙara don kansa halal ne, Annabi ma ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Sannan ta karɓa. Buhu ɗaya bai rufe asararta ba, na sani, ita ma ta sani.

Yaron yana tafiya da ƙafarsa, alhamdu lillahi, ya koma kan keken ɗinkinsa, sai ɗan ɗingishi in sanyi ya sauka. Ita kuwa yanzu Yaya nake ce mata, yarana suna ce mata Inna.

Na daɗe ina auna kyautarta da ta yayana, ba don in fifita wata ba. Da yayana ya kwana da maganar, da safe zai kawo. Ko wata guda ya yi zai kawo, domin akwai mai tuna masa: jini, da kabarin Umma, da fuskata da zai gani a kowane taron dangi. Tausayin bare ba shi da mai tuna masa. Yana zuwa da ƙarfi lokacin da aka ji labari, in bai zama aiki a wannan lokacin ba, buƙatun gida za su cinye shi, kuma buƙatun nan na gaskiya ne, ba son zuciya ba. Aminiyata ba ta fi mai gurasa ƙarancin imani ba, kuma ta fi ta sona nesa ba kusa ba. Ita albashi ne ya sa ta jira har ƙarshen wata. Mai gurasa kuɗin na hannunta, ta kuma san abin da dare ɗaya ke iya yi, shi ya sa ta tako da tocila.

A zagayen 2025 na kawo wa mata shawara biyu. Ta farko, kowacce ta riƙa ɗora naira 1,000 a kan zubinta, a ware gefe, duk wadda asibiti ya kama a cikinmu, ita ko ɗanta, a miƙa mata a ranar ba tare da an je roƙon kowa ba. Wannan ta wuce ba gardama. A Janairu aka yanke ta, babu wadda ta san kan wa za ta faɗa, kuma tana shiga littafi ta zama zubi, ba mai sake tunani a kanta duk wata. Ta biyu, na ce duk wadda aka je wa da neman musaya ta ba da amsa a zaman, a daina “sai na yi shawara”. Nan aka yi mini ca, kuma wadda ta fi kowa tsayawa a kan ƙin yarda ita ce Yaya mai gurasa. Ta ce, “Malama, abin da na yi, ni na ga dama. In kika mayar da shi doka, kunya ce za ta riƙa bayarwa, ba zuciya ba. Kuma mai miji tana da haƙƙin ta tambayi mijinta.” Har yanzu ina ganin akwai alheri mai yawa da ke mutuwa a daren shawarar nan, amma maganarta ta fi tawa ƙarfi a wurin, na janye.

Cikin hunturun nan wata sabuwa ta taso. Wani almajiri da ke yi wa gidajenmu uku ɗiban ruwa, wutar jin ɗumi ta kama rigarsa da asuba, ya ƙone a baya da kafaɗa. Iyayensa na can wani ƙauye mai nisa, ko lambarsu sai da aka nema. Wasu suka ce a taɓa kuɗin gefe. 'Yan'uwan nan biyu suka ce a'a, don mu da 'ya'yanmu aka yi shi, in aka buɗe ƙofar nan ba za ta rufu ba, Kurna cike take da mabuƙata, kuma gobe in ɗan wata ya kwanta a tarar da asusu wayam, me za a ce mata? Ba su faɗi ƙarya ba. Ba mu tsaya jiran a daidaita ba. Waɗanda suka ga za su iya suka haɗa daga aljihunsu a yammacin, ni da Yaya mai gurasa muka sa shi a adaidaita muka kai shi, yanzu ana wanke masa ciwon yana samun sauƙi. Maganar asusun an ɗaga ta zuwa zaman ƙuri'a mai zuwa. Ni zan nemi a yarda, a ware kashi ɗaya cikin huɗu ga wanda ba namu ba, a rubuta tun Janairu kafin a san ko wane ne. Da na ƙirga waɗanda suka nuna za su goya mini baya, mu shida ne, sauran shida ko dai sun ƙi ko sun ce sai sun yi shawara.